Yadda ake sabunta tsohon falo, daga kankare bango har shafar fenti ta ƙarshe

Yawancin falon da ake wa fenti ana saura mako biyu Sallah ko biki, damina ɗaya yake gani. Kafin Agusta ta fita sai gindin bango ya kumbura, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, wani farin gari mai kama da kanwa yana zuba a bayan kujeru. Maigida ya ce fentin jabu ne, mai fenti ya ce ginin ne ba shi da kyau. Sau da yawa ba ko ɗaya, an dai shafa fenti ne a kan bangon da bai warke ba. Fentin kansa aikin kwana biyu ne ko uku. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ke cin makonni.

Lissafin da ke nan na falo ne mai ƙafa 14 da 16, tsayin bango ƙafa 10, ƙofa biyu da taga biyu, ginin bulo da siminti. Inda gidan ƙasa ya bambanta, kamar na cikin gari a Katsina da Daura, za a faɗa a wurinsa.

Game da lokaci: ka duba ɗakin a ƙarshen damina, lokacin da duk inda ruwa ke shiga yake nuna kansa, ka yi wa wuraren alama da gawayi. Aikin kuwa ka fara shi daga ƙarshen Oktoba. In akwai sabuwar filasta a ciki, ka ware mako shida zuwa takwas. Wanda bikinsa ya rage kwana goma, ya wanke bango ya yi haƙuri, ya yi gyaran gaskiya bayan an watse.

Kayan aiki

Guduma da cizil, giranda in da hali, cokalin gini, katakon murza filasta, miƙaƙƙen ƙarfen almuniyam da magina ke kira renji, ma'aunin ruwa na duba miƙewar bango, kwanon sarki, shebur, rariyar tankaɗe yashi, ƙarfen kankare fenti, buroshin waya, faifan ƙarfe guda biyu (babba da ƙarami) na sikirdin, wato kwaɓin da ake shafa wa bango ya yi sumul kafin fenti, sanfefa mai lamba 80 da 120 da 180, rola mai inci 9 da sandarta, buroshi mai inci 2 da mai inci 4, tsani, tef ɗin awo, salatif na takarda, leda mai faɗi ta rufe ƙasa, tocila, takunkumin hanci da tabarau.

Kayan da za a saya

Ka fara da awo. Kewayen ɗakin ƙafa 60 ne, sau tsayi 10, ya ba da ƙafa 600. Cire ƙofofi biyu (21 kowace) da tagogi biyu (16 kowace), saura 526. Raba da 10.76, ka samu murabba'in mita 49. Ƙasa da silin kowanne mita 21 ne.

Siminti: buhu 3 na faci da sabuwar filastar gindin bango, da wasu 5 zuwa 6 in da siminti za a ɗora tayil.
Yashin filasta mai laushi, wanda ba laka a ciki. Ka damƙe shi a hannu da ɗan ruwa. In ya bar maka jan taɓo a tafi, akwai ƙasa da yawa, filastar za ta tsattsage.
Garin maganin ruwa da ake haɗawa da siminti.
Ragar waya irin ta kejin kaji, da ƙusar kankare.
Garin sikirdin haɗaɗɗe: kilo 60 zuwa 70.
Firama, wato shafar farko da ke sa fenti ya kama, ta sabon siminti: lita 6 zuwa 8.
Fentin bango: lita 12 zuwa 14 ne za su tafi, saboda haka bokiti ɗaya mai lita 20 ya isa har da ragowar faci.
Farin fentin ruwa na silin: galan biyu masu lita 4.
Fentin mai galan ɗaya na ƙofofi da ƙarfen taga, da jan fentin maganin tsatsa.
Tayil mai santimita 60 da 60: kwali ɗaya guda huɗu ne, yana rufe mita 1.44. Kwali 16 na ƙasa har da asarar yanka, da 2 na sikatin, wato siririn layin tayil da ke bin gindin bango.

1. Kwashe kaya, ka saurari bango

A fitar da komai, har labule da ƙusoshinsa. Abin da ya ƙi fita a tara shi a tsakiya a rufe. A kashe wuta daga babban makunni, a tabbata janareta ko inbata ba sa ba ɗakin wuta ta bayan gida, sannan a kwance fanka da fitilu.

Ɗauki ƙotar guduma ka bi bango kana ƙwanƙwasawa. Inda filasta ta kama, sautin a dunƙule yake. Inda ta rabu da bulo za ka ji tana amsawa kamar ganga. Zagaye wurin da gawayi, duk zai sauka.

Sai gwajin danshi. Yanki leda kamar ƙafa ɗaya da rabi kowane gefe, ka manna ta a gindin bango, ka rufe gefunan huɗu da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa a fuskar da ke kallon bango, ko bangon ya yi duhu, ruwa na cikin ginin.

Ka kuma gane irin tsohon fentin, don shi zai gaya maka yawan kankarar da ke gabanka. Shafa tafin hannu: in ya fito fari fat, farar ƙasa ce ko fentin da ya mutu, babu abin da zai zauna a kansa sai an kankare an wanke. Jiƙa tsumma da sifirit ka goga: fentin ruwa zai biyo tsumman, na mai ba zai motsa ba. Fentin ruwa ba ya kama fentin mai sai an kashe ƙyallinsa da sanfefa an sa firama.

2. Toshe hanyar ruwa tukuna

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, don ba ya nuna kyau a ido. Siffar tabon ita ke faɗa maka inda ruwan ya fito.

Tabo daga sama, mai zagaye a silin ko mai gangarowa daga kusurwa: rufi ne. A hau a duba ƙusar kwano da ta ɗago, da inda kwano ya haɗu da katangar da ta ɓoye rufi. Gidajen zamani masu ɓoyayyen rufi sun fi fama da wannan, domin ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da leda suna cika magudanar kankare, ruwan farko na Yuni ya rasa hanya ya koma ciki. A share magudanar, a faɗaɗa bakin indararo, a tsawaita shi yadda ruwan zai zuba nesa da bango.

Tabo a tsakiyar bango, wuri guda: duba abin da ke bayansa. Galibi bayi ne ko bututun famfo ko bututun ruwan na'urar sanyaya ɗaki.

Tabo daga ƙasa, wanda ya yi layi a kewayen ɗaki daga ƙafa ɗaya zuwa uku, da farin gishiri: danshin ƙasa ne ke hawa, ko dai ba a sa ledar tare danshi a fandisho ba, ko an cike tsakar gida ko titi har ya fi ƙasan ɗaki tudu. Fita waje ka duba. In ƙasa ta hau jikin bango, a kwashe ta. In ruwan alwala da wanke-wanke yana kwanciya a gindinsa, a karkatar da shi zuwa kwata. A zuba daɓen siminti mai faɗin ƙafa biyu a kewayen bangon ta waje, mai gangara zuwa nesa. Fulawar da aka dasa jikin bango ana ba ta ruwa safe da yamma ita ma a matsar da ita.

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a manna tayil a gindin bango ta ciki don ɓoye gishiri. Ruwan bai tafi ko'ina ba, zai hau ne ya fito a saman tayil ɗin, inda ya fi muni.

In ka ga hanyar gara a bango ko a jikin firam ɗin ƙofa, a bi ta har tushe a zuba magani yanzu, a shafe katakon rufi da maganin gara kafin a rufe silin.

3. Wayarin kafin filasta

Duk fasa bangon da za a yi, a yi shi yanzu. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka yanke inda talabijin zai zauna, inda kujeru za su jeru, inda ake zama a caja waya. Yi zanen a bango da alli kafin mai wuta ya zo.

Soket ya tashi kamar santimita 45 daga ƙasa, makunni santimita 120 zuwa 135. Na talabijin a ɗaga shi ya ɓuya a bayan allon, a kuma sa bututu fanko ɗaya a gefensa don wayar dish. Wayar fitila mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki 4, ita da nata layin tun daga allon rarraba wuta. In kana da niyyar sa sola ko da baɗi ne, a ware layin fitilu da fanka da talabijin daban tun yau.

Ramin bututu ya tafi a miƙe, sama ko ƙasa daga soket, kada ya ratsa a karkace don tsimin waya. Wata rana wani zai buga ƙusar agogo. Kada a sassaƙe filla (ginshiƙin kankare) ko lintal (kankaren saman ƙofa da taga) don bututu ya wuce. Kafin a rufe, ɗauki hoton kowane bango da waya, tef ɗin awo a miƙe a jikinsa.

4. Filasta da tsaga

Fasa duk inda ka zagaye da gawayi har bulo ya fito. A wurin gishiri, ka wuce layin tabon da ƙafa ɗaya zuwa sama, don gishirin ya fi inda ido ke gani nisa. Goge bulon da buroshin waya a bushe. Kada ka wanke gishiri da ruwa, narkewa yake ya koma ciki, ya sake fitowa in ya bushe. Bar bulon a buɗe ya sha iska mako ɗaya ko biyu, kana share abin da ya sake tsatsowa.

Haɗin filasta: buhun siminti ɗaya kwanon sarki biyu ne. A gindin bango, buhu ɗaya da yashi kwano 8, da garin maganin ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledarsa. A sauran wurare, buhu ɗaya da kwano 10. Kada magini ya ƙara siminti wai don ƙarfi. Filasta mai siminti fiye da kima ita ke yin tsagar nan mai kama da gidan gizo. Ruwan kwaɓi ya zama wanda za ka iya sha. Ruwan rijiya mai zartsi gishiri yake ƙara wa bango.

Jiƙa bulo, watsa masa ruwan siminti mai ɗan kauri, sannan a ɗora filasta mai kaurin rabin inci. In ramin ya fi inci ɗaya zurfi, a cike shi sau biyu, kwana ɗaya tsakani. A ja renji a daidaita sabuwa da tsohuwa, a murza da katako. A kan ramin bututun wuta, da inda bulo ya haɗu da filla, a buga ragar waya ta haura inci huɗu kowane gefe kafin filasta, in ba haka ba layin zai fito a fenti ko bayan wata shida ne.

Tsaga iri biyu ce. Siririya kamar gashi, wadda ba ta wuce filasta ba, sikirdin zai rufe ta. Wadda tsinken ashana ke shiga, a buɗe bakinta da giranda ko cizil, a share ƙura, a jiƙa, a cike, a sa raga. Amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta ratsa har waje, sai an san ko tana motsi. Manna mata ɗan kwaɓin POP, farin garin nan da ake yin silin da shi, kamar faɗin tafin hannu a wuri biyu, rubuta kwanan wata a gefe, ka bar shi mako uku zuwa huɗu. In ya tsage, ginin na zama ne, aikin injiniya ne ba na mai fenti ba.

Ban ruwa: safe da yamma, kwana bakwai. A iskar hunturu da zafin bazara filasta kan bushe kafin ta yi ƙarfi, sai ka murza ta da yatsa tana zuba. Rufe tagogi a kwanakin nan, bayan haka a buɗe ko'ina. Daga nan sai jira, mako uku zuwa huɗu, har launinta ya koma toka mai haske bai ɗaya. Sabon siminti yana da kaifi irin na toka, yana cin launin fenti yana kuma hana shi kamawa.

Gidan ƙasa da aka yi wa filastar siminti, nasa daban ne. Ƙasa da siminti ba sa motsi tare, shi ya sa filastar ke yin ganga. In za a maye ta, a buga dogayen ƙusoshi a bango tazarar ƙafa ɗaya, a ɗaura raga a kansu, a yi haɗi mai sauƙi, buhu ɗaya da kwano 12. A irin wannan bango a guji fentin mai da duk fenti mai toshe numfashin gini, domin danshin da aka kulle a cikin ƙasa narkar da ita yake. Ɗakin da ke da rufin azara da daurin guga kuwa, kada a yi gaggawar rufe shi da silin. A gyara yaɓen, a yi masa fari, a sa fitila mai haska sama. Ya fi kowane POP kyau.

5. Silin

Ana iya yin sa a makonnin da ake jiran filasta. In tsohon silin na allunan asbesto ne, kada a goge shi da sanfefa, kada a farfasa shi a bushe, ƙurarsa tana illata huhu. A jiƙa, a cire ƙusa, a sauke allo ɗaya-ɗaya, da takunkumi a hanci. Kashin jemage da ƙurar shekaru da ke sama ma a yayyafa musu ruwa kafin a share.

POP ya fi kyau kuma ya fi tare zafin kwano, amma ba ya haƙuri da yoyo ko kaɗan. Silin roba ya fi araha da saurin ɗaurawa, ruwa ba ya dame shi, sai dai yakan lanƙwashe in ya matsi kwano. A ɗakin da tsayinsa ƙafa 10 ne, kada POP ya sauko fiye da inci 6 zuwa 8. Zane mai hawa uku da lunguna yana burgewa ranar da aka gama, amma kowane lungu ma'ajiyar ƙura ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ba mai hawa ya share. Shimfiɗaɗɗe da hawa ɗaya a gefe ya wadatar.

Ƙugiyar fanka a jikin katakon rufi ko kankare ake kafa ta, ba a jikin POP ba, kuma fukafukanta su yi aƙalla ƙafa 7 da rabi daga ƙasa. Kada a sa fitila daidai saman fukafukai, hasken zai riƙa ƙifta wa mutane ido. A bar ƙofar shiga sama mai ƙafa biyu da biyu a wata kusurwa. POP ya bushe mako ɗaya zuwa biyu kafin fenti.

6. Sikirdin

Shi ke sa bango ya yi sumul kamar takarda. Ba ya miƙar da karkataccen bango, ba ya kuma maganin danshi. Kaurinsa duka bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba.

Kankare duk tsohon fentin da ke ɗagowa. In na mai ne tsoho, jiƙa shi kafin gogewa, don irinsa kan ƙunshi dalma, yara kuma kada su shigo sai an share. Wurin da hayaƙin turaren wuta ya yi wa rawaya, da layin man kai da ke fitowa inda ake jingina, a wanke da ruwan omo, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, a shafa masa farin fentin mai irin wanda ake fara shafawa kafin ainihin fenti. In ba a yi haka ba tabon zai ratso ko an yi fenti sau huɗu. Baƙin fumfuna a goge shi da bilic kashi ɗaya, ruwa kashi huɗu, taga a buɗe.

Haɗaɗɗen gari ya fi sauƙi ga sabon hannu. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan gari, kamar kilo biyu da rabi ga lita ɗaya. A dama har gudaji su mutu, a bar shi minti goma, a sake damawa. Kaurinsa kamar ƙullun ƙosai: ka ɗebo a faifai ka karkata, ya tsaya bai zube ba. In babu haɗaɗɗen, ana yi da fentin sikirdin mudu biyu, farin siminti mudu ɗaya, da gam ɗin Top Bond kamar kofi ɗaya. Kwaɓa abin da za ka gama cikin rabin sa'a kawai, kuma wanda ya fara daskarewa a zubar, kada a farfaɗo da shi da ruwa. Wasu na sa garin POP don ya yi laushin gogewa. A saman bango ba laifi, amma kada ya kusanci inda aka taɓa samun danshi, jan ruwa yake.

Ɗebo da ƙaramin faifai ka ɗora a babba, ka kwantar da shi kaɗan a jikin bango, ka ja daga ƙasa zuwa sama da ƙarfi ɗaya. Shafa ta farko cike ramuka take, kada ka damu da layukan da ta bari. Bayan sa'a shida, ko washegari, kankare tudun layukan da bakin faifai, ka yi ta biyu a kwance, daga hagu zuwa dama, siririya. In ta bushe a goge da sanfefa 120 sannan 180, a naɗe ta a guntun katako don kada yatsu su yi kwari.

Da magariba kashe fitila, ka kwantar da tocila a jikin bango tana haska tsawonsa. Duk tudu da kwarin da rana ta ɓoye za su fito da inuwarsu. Yi musu alama da fensir, ba da biro ba, tawada tana ratso fenti. Gyara, goge, sannan a share ƙurar da tsintsiya mai laushi da tsumma mai ɗan danshi. Ƙurar sanfefa da aka bari ita ce ke sa fenti ya biyo salatif.

7. Tayil

Bayan sikirdin, kafin fenti. Duba lambar rukuni a jikin kwalaye ta zama ɗaya, don launi kan ɗan bambanta. A fara jerawa a bushe daga tsakiyar ƙofar shigowa, yankakku su faɗa bayan kujeru. Tayil na yau da kullum ana jiƙa shi kafin a ɗora a siminti. Mai ƙarfin nan na fosilin ba ya shan ruwa, gam ɗin tayil ya fi riƙe shi, buhu mai kilo 20 na yin mita 4 zuwa 5 in daɓen a daidaice yake. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakani, da ɗan sarari a jikin bango wanda sikatin zai rufe. Tayil ɗin da aka matse ba tazara shi ke ɗagowa da ƙara a tsakiyar bazara. Kada a taka sai bayan kwana biyu, sannan a cike tsakani, a shimfiɗa leda da kwalayen da suka zo da shi.

8. Fenti

Launi tukuna. Fari fat a bango ba ya jure jar ƙurarmu. Ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske da ruwan toka mai ɗumi sun fi ɓoye ta. Launi mai duhu a bar shi ga bango ɗaya, galibi na talabijin. Kada ka zaɓa daga ɗan katin shago kawai. A bango launi ya fi yadda yake a kati ƙarfi. Shafa gwaji mai faɗin ƙafa uku a bango biyu, ka kalle shi da hantsi, da la'asar, da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da za ka yi amfani da shi. Farin ƙwan lantarki mai lamba 6500 yana mai da ruwan toka shuɗi-shuɗi, mai lamba 3000 yana ƙara wa ruwan madara rawaya. A ɗauko labule ko matashin kujera a kara a jiki.

Falon da ke da yara da baƙi, fentin satin mai ɗan ƙyalli ya dace da shi don yana goguwa da tsumma, amma yana tona asirin sikirdin maras kyau. Bangon da bai yi sumul ba, fentin ruwa maras ƙyalli ya fi rufa masa asiri. Silin kullum maras ƙyalli.

Manna salatif a kan sikatin, firam, da soket. Fara da firama sau ɗaya a ko'ina, ta kwana. In babu ita kuma bangon tsoho ne busasshe, a sirka fentin ruwa da ruwa kashi ɗaya cikin uku a yi shafar share fage. A kan sabuwar filasta dai firamar ba ta da madadi.

Silin ake fara yi, sannan bango, sannan ƙofofi. In fentin ya fi bokiti ɗaya, ko an haɗa launin da hannu, a juye duka a babban mazubi a gauraya tun farko. Ruwan sirki kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin, yawanci lita ɗaya zuwa biyu ga lita goma. Nan ne maigida ya kamata ya tsaya da kansa, domin fentin da aka tsinka don ya yi auki shi ke gogewa a jikin riga.

Bi gefuna da kusurwoyi da buroshi, faɗin inci uku, na bango ɗaya kawai, sannan ka bi da rola kafin gefen ya bushe. Jiƙa rola da ruwa ka matse kafin ta shiga fenti. Yi zane kamar harafin W a fili mai ƙafa uku, ka cike shi ba tare da ɗaga rola ba, ka ƙare da ja ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Kada ka danna ta don tatse ragowar fenti, layi take bari. Bangon da aka fara a kai shi kusurwa. In lokacin salla ya gabato, kada a fara sabo. Fanka a kashe. Ranar da ƙura ta taso, a rufe tagar gabas da ta arewa, a yayyafa ruwa a tsakar gida.

Sa'a huɗu tsakanin shafa ta farko da ta biyu. Ta farko takan fito dabbare-dabbare, kada ka koma kana lallaɓa ta tana ɗanye, ta biyu ce ke daidaita ta. Cire salatif tun fentin bai gama ƙarfi ba, kana jan sa a kwance.

Ƙarfen taga da ƙofar ƙarfe: buroshin waya, jan fentin tsatsa, washegari fentin mai siriri sau biyu, kwana ɗaya tsakani. Mai kauri zuba yake yana hawaye.

9. Mayar da kaya

Bayan kwana biyu ana iya shigo da kaya, amma kujera ta bar tazarar tafin hannu daga bango, don iska da kuma gogayya. Kada a wanke sabon fenti sai ya yi mako uku zuwa huɗu. Sandar labule a kafa ta kusa da silin, ta wuce taga da inci 6 zuwa 8 kowane gefe, ɗakin zai ƙara tsayi a ido. Yadin kuma ya ninka faɗin sandar sau biyu. Kafin a huda bango, a buɗe hotunan wayarin da aka ɗauka. Kaskon turare a ajiye shi tsakiyar ɗaki, nesa da bango da labule.

Ragowar fenti a juye a ƙaramar roba mai murfi yadda iska ba za ta yi yawa a ciki ba, a rubuta sunan launi da lambarsa da ɗakin da aka shafa, a ajiye a inuwa tare da tayil uku ko huɗu da suka rage. In damina ta gaba ta kai tsakiya, a ja kujeru a sake manna ledar nan a gindin bango a wuraren da aka yi wa alama da farko.